Wata Bakwai Gidana Yana Kasuwa, Masu Dubawa Ba Sa Dawowa

Assalamu alaikum Anti. Shekara biyu ke nan da rasuwar maigidana. Ya bar mana gida mai ɗaki uku da falo, wanda muka yi shekara 19 a cikinsa. Yara sun girma, biyu suna jami'a, gidan kuma ya fi ƙarfina. Muka yi shawara da su muka sa shi a kasuwa, in sayi ƙarami, ragowar in riƙa biya musu kuɗin makaranta. Yau wata bakwai. Mutum tara sun zo sun duba, kowa sai ya ce za su yi waya, daga nan shiru. Guda ɗaya ne ya taya, tayin da ko maimaita shi ba na son yi. Dillali ya ce sai na fasa tayil ɗin falo na sa na zamani, na sake kicin gaba ɗaya, na canza silin. Ƙanin maigidana kuma ya ce kada in kashe ko sisi, in karya kuɗin gidan kawai in huta. Abin da ke hannuna bai wuce albashin wata biyu ba, kuma ba na son cin bashi. Akwai tabon ruwa a silin ɗin ɗaki ɗaya, fentin falo ya fara ɓarewa ta ƙasa, famfon kicin yana ɗiga. Me zan gyara, me zan bari?

Daga Uwar Marayu

Wa alaikumus salam 'yar uwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya yi wa abin da ya bari albarka. Na ji nauyin da ke kanki, kuma zan ba ki amsa kai tsaye: kada ki fasa tayil, kada ki rushe kicin, kada ki ci bashin kowa. Amma kuma kada ki bar gidan yadda yake ki karya masa kuɗi tun yanzu. Abin da ke hannunki zai yi aiki mai yawa, in dai kin san inda za ki fara zuba shi.

Ki fara sa kanki a matsayin mai saye. Mutum ne da ya tara kuɗinsa shekara da shekaru, ya shigo gidan da bai taɓa kwana a ciki ba, an ba shi 'yan mintoci ya yanke hukunci. Tsoro ne a ransa. Yana ɗaga kai ya ga tabon ruwa a silin, ba zai ce ƙusa ɗaya ce ta saki ba, cewa zai yi rufin ya mutu. Ya ga fenti yana ɓarewa ta ƙasa, sai ya ce ginin yana shan ruwa daga tushe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ke kin san matsalar ƙarama ce, shi bai sani ba, don haka duk aibin da ya gani sai ya yi masa lissafin mafi munin abin da zai iya zama, ya cire daga kuɗin gidan. Wani ma ba zai tsaya cirewa ba, sai ya ce zai yi waya. Shi ya sa nake ganin mutum taran nan ba tsohon tayil ne ya kore su ba. Mutum yana iya zama da tsohon tayil shekara goma bai damu ba. Gidan da yake zargin yana yoyo ne ba zai sa kuɗinsa a ciki ba.

Dillalinki ba lallai ne yana da mugun nufi ba. Gida mai sheƙi ya fi masa sauƙin sayarwa, la'adarsa kuma tana zuwa da wuri. Sai dai kuɗin aikin daga aljihunki zai fita, kuma babban gyara irin wannan da wuya ya dawo da abin da aka kashe masa cif. Ga kuma maganar ra'ayi. Ki zaɓi tayil mai ruwan toka, matar mai saye ta zo ta ce ita fari take so, a fasa naki tun bai yi wata ba, alhali ba su biya ki kuɗinsa ba.

Kafin ki kira kowane mai gyara, akwai abu biyu da ba sa cin komai. Ki tambayi dillali abin da mutanen nan suka faɗa bayan sun fita, ki ce masa kada ya ɓoye miki komai, ya faɗa yadda suka faɗa. Sannan ki nemi wata 'yar uwa ko ƙawa wadda ba ta cika zuwa gidan ba, mai faɗin gaskiya ko da ɗaci, ki ba ta takarda da biro, ta fara tun daga bakin titi ta zagaya ko'ina tana rubuta abin da idonta da hancinta suka kama. Shekara 19 ta sa kin daina ganin wasu abubuwa. Hancin mutum yana sabawa da warin wurin da yake zaune har ya daina jin sa, ido ma haka yake yi da tsagar gilashi da ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa. Kada ki kare kanki idan tana faɗa. Ki dai karɓi takardar.

Daga nan sai ruwa. Duk abin da ya shafi ruwa shi ne farko, ko da zai cinye rabin abin da kika tanada.

Tabon silin ɗin nan, kada ki bari mai fenti ya rufe shi kafin a gano daga ina ruwan yake. A sa mutum ya shiga cikin rufin da fitila, in da hali bayan an yi ruwan sama, ko kuma wani ya hau sama da tiyo yana zuba ruwa sashe-sashe, na ciki yana kallo. Sau da yawa inda ruwa yake shiga daban, inda yake ɗiga daban, domin yakan bi jikin katako ya yi tafiya kafin ya sauka. Galibi abin ba ya wuce ƙusar da ta saki, ko mahaɗar kwano da ta buɗe, ko indararon da ganye da ƙasa suka toshe har ruwa yake komawa baya, ko bututun da ya bi ta cikin rufin. Idan an toshe, a bar wurin ya bushe sarai. Sai a fara shafa fentin ƙasa mai mai, irin wanda ake yi don danne tabo, kafin a sa fentin silin. Idan aka sa fentin ruwa kai tsaye, tabon zai sake ɓullowa ta cikinsa ko an shafa sau uku. Allon da ya lotsa, a cire shi kaɗai a sa sabo, ba sai an canza silin ɗin gida duka ba. Abu ɗaya dai: in silin ɗin irin tsohon allon asbesto ne, kada a farfasa shi ko a goge shi a bushe, ƙurarsa tana yi wa huhu mummunar illa. A nemi wanda ya san yadda ake cire shi.

Bangon falo ya fi buƙatar haƙuri. Fentin da ke ɓarewa ta ƙasa alama ce ta danshi, kuma akwai gwaji mai sauƙi da za ki yi da kanki. Ki yanki farar leda mai faɗin tafin hannu biyu, ki manna ta a wurin, ki rufe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, ki bar ta kwana biyu. Idan kika ga raɓa a bayan ledar, wato ɓangaren da ke manne da bango, ruwan daga cikin bangon yake fitowa. Idan a fuskar da ke kallon ɗaki raɓar ta taru, ɗakin ne ba ya samun iska. In daga bango ne, ki fita ki duba bayansa. Ko ruwan rufi yana zuba a gindin bangon? Ko an yi shuka a jikinsa ana ba ta ruwa kullum? Ko ƙasar waje ta taru ta kusa kai tsayin daɓen ciki? Ko banɗaki ne a ɗaya gefen, bututunsa yana tsiyaya? Magina sukan so ƙasar waje ta yi ƙasa da layin da ke tare danshi a bango da aƙalla santimita 15, kuma ta gangara ta nisanci gini. Sau da yawa kwashe ƙasa, da cire shuka, da yin ɗan daɓen siminti mai gangara a gindin bangon su ne maganin gaba ɗaya.

Bayan an kashe tushen, a kankare fentin da ya tashi, a goge farin gishirin da ya fito da busasshen burushi. Ki ƙwanƙwasa bangon da gindin cokali: inda ya yi ƙara kamar ganga, filastar ta rabu da bulo, sai a sare ta a yi sabuwa. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yawanci ba ya wuce kimanin mita ɗaya, saboda haka aikin ba mai yawa ba ne. Inda ake samun matsala shi ne gaggawa. Sabuwar filasta tana son kamar mako huɗu ta bushe kafin a yi mata fenti. Mai fenti zai ce miki kwana uku ya isa, saboda yana son ya gama ya karɓi kuɗinsa. Kada ki yarda. Idan aka yi fenti a kan jiƙaƙƙen bango, kafin mai saye ya gama haɗa kuɗi ya sake kumbura.

Famfon kicin kuwa, mafi yawan lokuta 'yar robar ciki ce ta cinye, ko kan famfon ne za a sake. Aikin rabin awa ne. Kada ki raina ɗigon: hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara. Tunda mai gyaran famfo zai zo, ya bi gidan duka a rana ɗaya. Ki ɗiga ɗan abu mai launi a tankin masai, ki jira minti 15 ba tare da an ja ruwa ba. In launin ya sauko cikin masan, robar tankin tana zubarwa. Sannan ga wani abu da nake zargin yana faruwa a gidanki, tunda yara suna makaranta kuma akwai banɗakin da ba a shiga. A ƙarƙashin kowane masai da wurin wanke hannu akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa, ruwan nan shi ne yake tare warin da ke tasowa daga rami. Idan aka daɗe ba a yi amfani da wurin ba, ruwan sai ya ƙafe, wari ya cika ɗaki. Maganinsa ki riƙa zuba ruwa a kowace magudana sau ɗaya a mako.

Na ga irin wannan da idona lokacin da muka zo sayar da gidan mahaifinmu. Wani dattijo ya zo dubawa, bai kalli labule ba, bai kalli fitilun falo ba. Ya wuce kicin, ya buɗe famfo, ya durƙusa ya buɗe 'yar durowar da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya zura hannu ya shafa katakon. Ya fito da hannun ya dubi yatsunsa, a jiƙe, da baƙin ruɓaɓɓen katako a jiki. Ya ciro hankici ya goge, ya yi mana godiya cikin mutunci, ya tafi. Washegari mai gyara ya ɗaure mahaɗar bututun, kafinta ya sa sabon katako, duka aikin bai kai azahar ba. Amma dattijon nan bai dawo ba, kuma har yau ina jin da shi ne ya sayi gidan.

Tsagar bango ba ki ambata ba, amma gidan da ya kai wannan shekaru da wuya a rasa. Sirara kamar gashi ba abin damuwa ba ne, a cike su kafin fenti. Cibiyar binciken gine-gine ta Biritaniya tana ɗaukar tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba a matsayin wadda galibi kyan gini kawai take ɓatawa. Wadda ta fi haka faɗi, ko ta tafi a karkace daga kusurwar taga, ko ta bi layin bulo kamar matakala, ko ta fi buɗewa a sama, wannan sai injiniya ya gani. In kina shakka, ki sa alama da fensir a ƙarshenta ki rubuta kwanan wata, ki duba bayan 'yan makonni ko ta wuce alamar. Ki kuma ƙwanƙwasa katakon ƙofofi da tagogi saboda gara.

Sai ƙananan abubuwan da suka lalace: ƙofa mai ƙara, makullin da sai an yi kokawa da shi, mariƙin durowa da ya cire, makunnin wuta da ya fashe, soket mai baƙin ƙuna, ƙwan da ya mutu, gilashin da ya tsage, ragar sauro da ta yage. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. Amma mai saye yana taɓa uku a jere suka ƙi aiki, ya gama yanke hukuncin cewa ba a kula da gidan, sai ya fara zargin abin da ba ya gani. Ki tara su a takarda ɗaya, kafinta ya yi yini guda, mai gyaran wuta ya yi yini guda. Ki yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya kafin a fara, ki sayi kayan da kanki ko ki tura ɗanki, kuma kada ki biya duka sai kin gwada komai da hannunki. Aikin wuta kada yara su taɓa, a bar wa mai sana'ar.

Yanzu ga abin da na san ya fi kowanne wuya, kuma shi ne wanda ba ya cin kuɗi: rage kaya.

Gidan da aka yi shekara 19 a ciki cike yake, kuma ina kyautata zaton kayan maigidanki suna nan inda ya bar su. Takalmansa a bayan ƙofa, littattafansa, kujerar da yake zama, rigunansa a rataye. Ba zan ce miki wannan ƙaramin abu ba ne. Wata ranar za ki buɗe durowa ki ji ƙamshin turarensa, ki rufe ki zauna, aikin ranar ya tsaya. Babu laifi. Amma ki sani, 'yar uwata, mai saye yana shiga ɗaki ne yana auna inda gadonsa zai zauna, inda 'ya'yansa za su kwanta. Idan ko'ina ya duba rayuwar wani yake gani, sai ya ji kamar baƙo ne da ya shigo ba sallama, ya ƙagu ya fita. Ɗakin da ya cika da kaya kuma yana ƙanƙancewa a ido, ko da babba ne.

Ki jira yara su zo hutu ku yi tare, kada ki yi ke kaɗai. Ku fara da ɗakin da ya fi sauƙi, sito ko kicin, ku bar ɗakinsa ya zama na ƙarshe. Kowane yaro ya zaɓi abin da yake so na mahaifinsa. Abin da za ku tafi da shi sabon gida a sa a kwali a rubuta suna, a kai ajiya wurin ɗan uwa in da wuri, ko a jera a ɗaki ɗaya cikin tsari. Abin da wani zai amfana da shi a bayar, ladan ya isa gare shi. Abin da ya mutu, tsohon firji, karyayyun kujeru, buhunan da ba a buɗe ba tun shekaru, a sayar ko a zubar, kuɗin ma ya shiga na fenti. Ai ko ba don mai saye ba, ƙaramin gida za ki koma, wannan aikin yana jiranki. Gara ki yi shi yanzu a natse da a yi shi cikin kwana uku mota tana jira a waje. A falo ki bar kujerun da ake buƙata kawai, yadda mutum zai zagaya bai yi karo da komai ba. Hotunan iyali a sauke a adana. Durowar bango ma a rage mata kaya, don za a buɗe ta.

Idan kaya suka ragu, sai wanki na gaske. A nan ne tsohon tayil ɗinki zai ba ki mamaki. Yawanci ba tayil ne yake tsufa ba, layukan da ke tsakaninsa ne suke baƙi. A goge su da ƙaramin burushi da sabulu, inda suka zube a sake cikewa, sai ki ga daɓen ya dawo. Wanda ya fashe a sake shi kaɗai. In ba a samu irinsa a kasuwa ba, a ciro ɗaya daga wurin da ba a gani, kamar ƙarƙashin durowar kicin, a sa a falo. Silikon ɗin da ya yi baƙi a gefen wurin wanka da wurin wanke hannu a kankare shi a ja sabo fari. Farin dattin da ruwa ke bari a kan famfo, ruwan kal yana cire shi, amma kada ya taɓa marmara, yana cinye ta. Ki gargaɗi duk wanda zai taya ki: ba a haɗa bilic da ruwan kal ko da maganin wanke masai, haɗin yana fitar da iska mai guba. A wanke tagogi ciki da waje, a goge fanka, a share yana. Turare kuma kada ya zama abin rufe wari. Mai saye mai wayo yana jin ƙamshi ya yi yawa zai fara tambayar kansa me ake ɓoyewa. A cire abin da ke warin, a buɗe tagogi.

Kicin ɗin da aka ce ki rushe, in jikin durowoyin yana da ƙarfi, a goge ƙofofinsu da samfefa, a yi musu fenti, a sa sababbin mariƙai iri ɗaya. Da sabon kan famfo da haske mai kyau, ya wadatar.

Fenti shi ne babban abin da za ki saya, kuma shi ya fi saurin canza fuskar gida. Ki zaɓi launi ɗaya mai haske, fari mai ɗan ruwan madara ko makamancinsa, a bi gidan da shi. Launi mai haske yana ƙara wa ɗaki faɗi a ido, ba ya faɗa da ra'ayin kowa, kuma sayen launi ɗaya ya fi araha tunda ba a barin ragowa a kowane bokiti. Don kada a yi miki lissafin da ya wuce kima: lita ɗaya ta fentin ruwa tana shafe kimanin murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafa ɗaya. Ɗaki mai mita 4 kowane gefe, tsayinsa mita 3, bangonsa murabba'in mita 48 ne, a cire ƙofa da taga. Shafa biyu za ta ci wajen lita 8. Bangon da ya yi kaushi ko sabuwar filasta yana shan fiye da haka. Ki sa ido kada a tsinka fentin da ruwa fiye da yadda aka rubuta a jikin bokiti, kuma a rufe daɓe da makunnan wuta. Fentin da ya ɗiɗɗiga a tayil da gilashi yana ɓata aikin duka. Idan kuɗin ba zai kai ko'ina ba, a yi gaban gida, da falo, da hanyar shiga ɗakuna, da kicin, da ɗakin da aka gyara silin ɗinsa. Sauran a wanke bangon da soso. Tsohon fentin mai na ƙofofi da tagogi a jiƙa shi kafin a goge, kada ƙurarsa ta tashi, domin wasu irinsa suna da dalma. Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje tun 1978, amma ƙasashe da dama sun daɗe bayan haka ana sayar da shi, kuma ƙananan yara ya fi yi wa illa.

Ƙofar waje kada ki manta da ita. Mai saye yakan tsaya a gabanta yana jira a buɗe, kuma a wannan tsayuwar babu abin da yake yi sai kallo. A kankare tsatsa, a yi mata fenti, a zuba mai a inda take ƙara. A cire ciyawa, a share, a kwashe tarkacen da ke jingine da katanga, a gyara fitilar waje, a yashe magudanar da ke gaban gida. Tukunyar shuka biyu masu rai a bakin shiga sun isa.

A ciki, ki cire labule masu nauyi da ke danne haske. Ƙwayayen wuta a sa irin LED, waɗanda ba sa cin fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na wutar da tsofaffin ƙwayaye masu zare suke ci, kuma a sa masu launi ɗaya a kowane ɗaki. A jikin kwalin za ki ga lamba mai harafin K a ƙarshenta, wadda ke nuna launin hasken: 2700 zuwa 3000 haske ne mai ɗan ruwan ɗorawa, ya dace da falo da ɗakin kwana, 4000 zuwa sama fari ne, ya fi kyau a kicin da banɗaki.

Shawarata ki janye gidan daga kasuwa na mako biyar ko shida har a gama, tunda dole a jira filasta. Bayan nan a ɗauki sababbin hotuna da rana, tagogi a buɗe, mai ɗauka ya tsaya a kusurwar ɗaki, wayar a kwance daidai ƙirjinsa. A goge tsofaffin hotunan duk inda aka sa su. Ki ce wa dillali ya sake kiran mutum taran nan, har da wanda ya yi tayin da ya ɓata miki rai. Wanda ya taya, yana so ne.

Akwai iyaka tsakanin gyara da rufa-rufa, kuma na san ba za ki so ki ƙetare ta ba. Abin da kika gyara, ki faɗa: nan ya taɓa yoyo, ga abin da aka yi, ga rasit, ga lambar wanda ya yi aikin. Abin da kuɗinki bai kai ki gyara ba, shi ma ki faɗa, a yi ciniki a kansa ido na ganin ido. Ɓoye aibi ha'inci ne, a ƙasashe da yawa kuma yana iya kai mai sayarwa kotu bayan an gama ciniki. Ban da haka ma, mai saye ya fi sakin jiki da wanda ya nuna masa aibi da kansa. Ki haɗa takardun gidan wuri ɗaya tun yanzu. Tunda gidan na marigayi ne, ki tabbatar duk masu haƙƙi a ciki sun amince a rubuce kuma takardar da ta ba ku ikon sayarwa ta kammala. Lauya ya duba miki. Ciniki da yawa a nan yake mutuwa bayan an riga an daidaita kuɗi.

Maganar ƙanin maigidanki ma kada ki yar da ita gaba ɗaya. Wata bakwai da mutum tara da tayi ɗaya na iya nufin kuɗin ya ɗan yi sama, kuma babu fentin da ke gyara wannan. Ki binciki nawa aka sayar da gidaje irin naki a kusa da ku cikin shekarar nan, kuɗin da aka biya a hannu, ba wanda masu gida suke faɗa da baki ba. Ki tambayi dillali biyu ko uku daban-daban. Idan naki yana cikin sahu, ki tsaya a kansa bayan gyara. Idan an yi wata biyu da gyaran, mutane suna zuwa amma babu tayi mai ma'ana, to lokacin ragi ya yi, kuma ragin da za ki yi a lokacin ba zai kai wanda za a tilasta miki yau ba. Ki gode masa, ki gaya masa tsarinki, ki roƙe shi ya tsaya miki a kan ma'aikata ranar da ake aikin rufi.

Cikin kuɗin, ki ware kashi ɗaya bisa biyar ki ajiye kada ki taɓa, domin idan aka buɗe rufi ko aka sare bango akan tarar da abin da ba a zata ba.

Ranar da masu dubawa za su zo, ki buɗe tagogi tun da wuri, ki kunna fitilu, ki ja ruwa a kowane banɗaki. Ki gaisa da su, sannan ki koma gefe ki bar dillali ko babban ɗanki ya zagaya da su. Za su buɗe durowa, za su ce ɗakin nan ya yi ƙanƙanta, wata ma za ta ce a rushe bangon da maigidanki ya tsaya a kansa aka gina. Ba sai kin ji wannan da kunnenki ba, su ma kuma sun fi sakewa su yi shawara a tsakaninsu idan mai gida ba ta tsaye a kansu.

Allah ya kawo mai saye na alheri, ya sa sabon wurin ya zame muku wurin natsuwa ke da yaran. Ki rubuto mini abin da gwajin ledar nan ya nuna.